Hanyoyin Keke a Ƙananan Hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo

Gabatarwa

Wannan shafi bayani ne a kan hanyoyin da mai keke zai iya bi a ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, waɗanda ke gabas da kuma arewa maso gabashin birnin Sakkwato, ba tare da ya yi gogayya da motoci a kan kwalta ba. Mun tsara shi ne domin amfanin mazauna karkara waɗanda keke ne abin hawansu zuwa gona da kasuwa da makaranta, da kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi da uwayen ƙasa da hakimai, waɗanda kula da waɗannan hanyoyi ya rataya a wuyansu. Baƙo mai niyyar ziyara ko buɗe ido shi ma zai ƙaru, amma muna roƙonsa ya karanta sashen da ya yi magana a kan tsaro kafin ya ɗaura niyya.

Ya kamata a fahimta tun da farko cewa waɗannan ba hanyoyi ne da wata hukuma ta shata, ta kafa musu alluna, ta keɓe wa keke kaɗai ba. Tsofaffin turbobi ne da ƙafar mutum da ta jaki da ta raƙumi suka fitar tun kafin zuwan mota, sai kuma hanyoyin da aka yi a gefen magudanan ruwan noman rani. Abin da ya hana mota bin su shi ne ƙuncinsu, ko rairayi, ko mashigin ruwa. Babur yana bin mafi yawansu, haka ma amalanken shanu.

Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa jama'ar waɗannan ƙananan hukumomi uku sun kusa rabin miliyan, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya da masunta. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin kabu-kabu da na mota suka tashi, har magidanta da dama suka koma ga kekunan da suka jingine a zaure shekara da shekaru. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muka ga dacewar tattara wannan bayani wuri ɗaya.

Yanayin ƙasa

Gulabe biyu ne suka yi wa wannan yanki fasali. Daga arewa akwai Gulbin Rima, wanda ke samun ruwa daga Gagere da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Goronyo da ta Wurno. Daga kudu akwai Gulbin Sakkwato, wanda ya fito daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau da dam ɗin Bakolori, ya wuce ta Rabah. Gulaben biyu suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato. Kowanensu yana da shimfiɗaɗɗiyar fadama, tsakaninsu kuma tudu ne mai faɗi wanda a kansa garuruwa irin su Achida da Marnona suke.

Saboda haka ƙasa iri uku mai keke zai taka, kuma kowace da halinta. Ta fadama laka ce baƙa. Da damina takan zama taɓo mai kama taya har ya toshe tsakanin taya da madigadi, da rani kuwa takan bushe ta tsattsage, sawun shanun da suka bi ta tana ɗanya ya daskare, keke ya riƙa tsalle a kai. Ta jigawa rairayi ce, inda ya yi zurfi babu dabara sai a sauka a tura. Ta uku ita ce ta bisa tudu, mai tsakuwa da marmara, wadda ta fi kowace daɗin tuƙi, sai dai tana cin taya, kuma a gangarenta ne ake samun kwazazzabai da ruwan sama ya haƙa.

Duwatsun wannan yanki ba su kai na Kwatarkwashi ko na Tsafe tsayi ba. Tsaunuka ne gajeru masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda marmara ta lulluɓe samansu, ƙarƙashinta kuma dutse ne mai taushi na rairayi da yumɓu. Hawansu gajere ne amma a miƙe yake. Masu nazarin duwatsu sun daɗe da sanin wannan yanki, har sun raɗa wa wasu shimfiɗun dutse sunayen garuruwanmu, wato Taloka da Dukamaje da Wurno. A lissafinsu, fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce teku ne ya rufe wannan wuri. A shekarar 1930 wani masani ɗan Birtaniya mai suna Swinton ya bayyana ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, dangin guza da damo, da aka tono a ƙasar Sakkwato. Daga baya wasu masana daga Italiya suka samu ƙarin ƙasusuwanta a ƙasar Goronyo, kuma a 1972 suka ba ta suna Goronyosaurus, sunan da ake kiranta da shi a duk duniya har yau. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan ba. Wanda ya ga irin waɗannan ƙasusuwa da suka zama dutse a bakin kwazazzabo, kada ya farfasa su ko ya sayar, ya sanar da hakimi domin a kai labari ga Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Batun itatuwa kuwa, a gonakin tudu gawo ne ya fi yawa, sai kuka da tsamiya da aduwa da kurna. A fako da gefen tsaunuka sabara ce da geza da kalgo. A bakin fadama akan ga giginya da goriba da lambunan mangwaro, cikin gari kuma dogon yaro. Gawo yana da wani hali da mai tafiya zai gode masa: yakan zubar da ganye da damina, ya fitar da shi da rani, watau yana ba da inuwa daidai lokacin da aka fi bukatarta. Amma a lura, yana da ƙaya, kada a jingine keke a gindinsa ba a duba ƙasa ba.

Daga Achida zuwa Wurno da fadamarta

Wurno tana kimanin kilomita 45 daga Sakkwato idan aka bi ta Achida. Babbar hanyar tana ɗauke da manyan motocin albasa da na dabbobi, musamman ranar kasuwar Achida, don haka ba mu ba mai keke shawarar ya daɗe a kanta ba. Turbobin gona da ke haɗa ƙauyukan tudu da bakin fadama sun fi kwanciyar hankali, ko da yake sun fi tsawo, kuma mutanen kowane ƙauye sun san wadda ta ɓulle da wadda ta mutu a cikin gona.

Garin Wurno yana bisa wani tudun dutse da ke kallon fadamar Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ne ya kafa shi a matsayin ribaɗi domin tsare daula daga hare-haren da ke fitowa ta arewa maso gabas. A nan ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yana cikin garin, jama'a na zuwa ziyara daga nesa da kusa. Kafin Wurno ta kafu, Bello yakan zauna a sansaninsa na Magarya, inda Baturen nan Clapperton ya same shi a 1826. Sunan Magarya yana nan har yau a cikin mazaɓun ƙaramar hukumar. Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ɗan Bello, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, shi ma ya fi zama a Wurno, kuma a zamaninsa ne matafiyin nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853, ya yi makonni kafin ya wuce Gwandu da Tambutu. Basaraken garin yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan.

Wanda ya tsaya a bakin tudun ya dubi fadama zai gane dalilin da ya sa aka zaɓi wurin. Ana hango mai zuwa tun daga nesa, ga ruwa, ga ƙasar noma a ƙarƙashin gari. Mai shiga hubbare ya bar kekensa a waje, ya tuɓe takalmi, ya bi umarnin masu kula da wurin.

Daga gari akan gangara zuwa filin noman rani na Wurno, wanda ke samun ruwa daga dam ɗin Lugu, dam ɗin da ambaliya ta yi wa ɓarna a shekarun baya. A ganinmu wannan ne yanki mafi sauƙi ga mai keke a duk ƙananan hukumomin uku. Ƙasar a shimfiɗe take, ƙauyuka irin su Lugu da Kwargaba suna kusa da juna, kuma daga watan Disamba zuwa Maris fadamar cike take da mutane tun daga asuba har la'asar, masu shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, wadda Wurno ta yi suna da ita a Nijeriya baki ɗaya. Hanyar da ke cike da jama'a ita ce hanya mai aminci, kuma ko taya ta sace ba za a rasa mai famfo ba. Abin da za a kiyaye shi ne bututun injin ban ruwa da manoma kan shimfiɗa a gicciye bisa hanya, da ƙananan kunyoyin ruwa da akan yanka. A sauka a ɗaga keke, kada a taka bututu, domin fasa shi asara ce ga mai gona kuma yakan jawo husuma. Haka kuma lokacin da aka shanya albasa ko shinkafa a gefen hanya, a rage gudu saboda ƙura.

Daga Wurno zuwa Goronyo da dam

Tsakanin Wurno da Goronyo tafiyar yini guda ce ga mai bin gefen fadama ba da gaggawa ba. A miƙe nisan ya ɗan wuce kilomita 30, amma turba ba ta tafiya a miƙe, tana zagaye tafkuna da gonaki. A kan marmara mai kyau mai keke yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya, a rairayi kuwa bai fi mai tafiya ƙasa sauri ba. Don haka wanda ya yi lissafin awa uku ya tanadi biyar. Kusa da Goronyo, wajen Taloka, tsaunukan da muka ambata suna matsowa kusa da hanya, kuma a nan ne ake ganin shimfiɗun dutse launi-launi a jikin gangare.

Kasuwar Goronyo tana ci ranar Lahadi. A wannan rana turbobi sukan cika da jakuna da raƙuma da babura tun da sassafe, wanda hakan alheri ne ga mai neman abokan tafiya, amma yana rage sauri.

Dam ɗin Goronyo yana kimanin kilomita 25 gabas da garin. An gama gininsa a 1984, aka yi bikin buɗe shi a 1992. Gini ne na ƙasa da rairayi, tsayinsa kimanin mita 21, tsawonsa gaba ɗaya kilomita 12 da rabi, kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce. Daga gare shi ake shayar da filin noman rani na tsakiyar kwarin Rima, wanda ya haɗa da sassan Falaliya da Takakume, kuma an gyara magudanan wannan fili ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa tun daga 2014. Hanyoyin da ke bin gefen manyan magudanan an yi su ne domin ma'aikatan hukumar da motocin aikin gona, amma ba safai ake cin karo da mota a kansu ba, kuma da yake an ɗaga su bisa gonaki, sun fi turbar fadama saurin bushewa bayan ruwan sama. Shi kansa jikin dam ɗin wuri ne mai tsaro. Ba a hawa kansa ko ɗaukar hoto sai da izinin ma'aikatan hukumar.

Akwai abu ɗaya game da wannan dam da ya kamata kowane mai ƙetare Rima ya riƙe. Kafin a gina shi, gulbin yakan cika da damina, ya janye da kaka, ya ƙafe ko ya kusa ƙafewa da bazara, kowa ya san lissafinsa. Yanzu kuwa yawan ruwan da ke cikinsa ya danganta ga ƙofofin dam. Akan saki ruwa da rani domin manoma da matatun ruwan Sakkwato da Birnin Kebbi, wani lokaci har domin bikin kamun kifi na Argungu. Mashigin da aka ƙetare jiya ruwa iyakar gwiwa yana iya kaiwa ƙirji yau, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. A tambayi Sarkin Ruwa ko masu fito kafin a shiga. Inda akwai kwalekwale a biya a ɗora keke a ciki, ya fi a saɓa shi a kafaɗa a shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba.

Dam ɗin ya nuna mana halinsa ta fuska biyu. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi masa yawa, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno har zuwa Sakkwato, garin Kagara na cikin waɗanda suka fi shan wahala, kuma hanyar shiga mazaunin dindindin na jami'a ta yanke. A farkon 2018 kuma ruwansa ya janye har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma. Bayan kowace babbar ambaliya turbobin fadama sukan sauya wuri, domin gulbi yakan yanki sabuwar hanya. Wanda ya daɗe bai bi wata turba ba kada ya dogara ga abin da ya sani a da.

Muna kuma jan hankali game da ruwan magudanai da tafkuna: ba na sha ba ne, kuma wanka a cikinsa yana jawo tsargiya, wato fitsarin jini, musamman ga yara.

Rabah da bakin Gulbin Sakkwato

Rabah tana arewacin Gulbin Sakkwato, kimanin kilomita 30 gabas da birni. Ita ce mahaifar Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, tattaɓa-kunnen Bello na Wurno. Mahaifinsa ya riƙi sarautar garin, shi ma an naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, ya zauna har 1938 lokacin da aka ba shi sarautar Sardauna aka tura shi Gusau. Mai keke da ya taso daga Wurno ya ratsa tudu zuwa Rabah, tafiyar da ba ta kai ta Goronyo nisa ba, ya haɗa garuruwa biyu na gida ɗaya a yini guda.

Hanyar tudun ta ratsa gonakin gero da dawa da wake, kuma mafi yawanta burtali ne, wato hanyar shanu mai shinge dama da hagu. Idan aka yi kiciɓis da garke a sauka a ba shi hanya, kada a buga ƙararrawa a tsakiyar shanu. Bakin gulbin a nan ya fi na Rima rairayi, kuma yawan ruwansa da rani yana bin abin da aka saki daga Bakolori. Ƙasar Rabah ita ce mafi faɗi a cikin ukun, ta miƙa gabas har Gandi da iyakar Jihar Zamfara, amma sashen da ke tsakanin garin da Sakkwato da Achida ne kaɗai muke magana a kansa a nan, saboda dalilin da ke tafe.

Dajin Gundumi da batun tsaro

Babban dajin wannan yanki shi ne Gundumi, wanda ke gabas, a kan hanyar Marnona zuwa Isa. Tun a ƙarni na 19 matafiya ke jin tsoronsa. Barth ya rubuta cewa ayarinsu ya ratsa shi ne da tafiyar dare da rana ba tare da yada zango ba, saboda rashin ruwa da tsoron mahara. A zamaninmu kuma 'yan bindiga sun mai da dazukan gabashin jihar maɓoya. A watan Yuli na 2018 an kai hari ƙauyen Tabanni da ke ƙasar Gandi, aka kashe mutum fiye da 30. A watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa na wani lokaci, ta umarci matafiya su bi ta Goronyo da Sabon Birni. A ranar Lahadi 17 ga Oktoba na wannan shekara aka kai hari kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu da rahama. A 2024 Gwamnatin Jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma domin taimaka wa sojoji da 'yan sanda, amma har yanzu matsalar ba ta kau ba.

Saboda haka matsayinmu a bayyane yake. Ba mu sanya dajin Gundumi cikin hanyoyin keke ba, ba mu kuma ba kowa shawarar ya shige shi ba, ko domin itace, ko farauta, ko yanke hanya. Haka ma turbobin da ke gabas da Rabah wajen Gandi, da waɗanda ke gabas da Goronyo wajen dam da Sabon Birni, ba a bin su don yawon buɗe ido. Bayanin da muka yi a kansu domin mazauna wurin ne waɗanda dole ta sa su bi. Ko a sassan da muka ce sun fi sauƙi, halin tsaro yana sauyawa daga mako zuwa mako, don haka a nemi labari a ranar tafiyar daga uban ƙasa ko hakimi ko ofishin 'yan sanda na yankin, ba daga labarin watan jiya ba. A fita bayan gari ya waye, a isa masauki kafin la'asar sakaliya, a yi tafiya cikin ayari, a kuma bar wa iyali labarin hanyar da za a bi.

Akwai wani haɗari da baƙo ba ya tunawa da shi. A ƙauyen da ya sha hari, mutumin da ba a sani ba, yana yawo shi kaɗai yana tambayar hanyoyi ko yana ɗaukar hoto da waya, ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Wannan zargi ya jawo wa marasa laifi wahala a wurare da dama. Baƙo ya riƙe katin shaida, ya fara sauka a ƙofar hakimi ko mai unguwa ya gabatar da kansa, ya nemi a haɗa shi da ɗan gari. Su ma 'yan sa-kai muna kira gare su da su miƙa duk wanda suke zargi ga hukuma, kada su yanke hukunci da hannunsu.

Lokacin tafiya da shirin keke

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, ƙasa ta bushe, rana kuma ba ta yi zafi ba. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, saboda haka mai zuwa Goronyo daga Wurno yana fuskantarta, mai dawowa kuwa tana tura shi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, tafiya sai da sassafe, kuma a riƙe ruwan sha aƙalla lita ɗaya ga kowace awa. Daga Yuli zuwa Satumba a bar fadama ga masu jirgi.

Tsohon baƙin keke irin Raleigh, wanda a da ake harhaɗawa a Kano, ko Phoenix na ƙasar Sin, ya fi dacewa da waɗannan hanyoyi bisa keken tsere mai siririyar taya. Yana da kariya mai ɗaukar buhu, kuma kowane mai gyaran keke a kasuwar ƙauye yana da kayansa. Babban abokin gabar taya a nan shi ne ƙaya: tsidau da ke yaɗo a ƙasa, da rassan aduwa da farar ƙaya da bagaruwa da ake sarewa domin shinge. A riƙe famfo da sholisho da ɗan yankin tsohuwar roba na faci da sufana. A rairayi a ɗan rage iskar taya, a kan marmara a ƙara. Mai da yawa a jikin sarƙa yana tara ƙura ya cinye ta, kaɗan ya isa, a goge sauran da tsumma. A duba birki kafin gangaren tudu, musamman idan an yi lodi.

Abin da ya rataya a kan hukumomi

A wasu ƙasashe irin waɗannan hanyoyi sun zama abin samun kuɗi. Hanyar keke da ta bi bakin Kogin Danub daga garin Passau na Jamus zuwa birnin Biyana na Ostiriya ta wuce kilomita 300, kuma mafi yawanta an yi ta ne a kan tsohuwar turbar da dawakai ke bi suna jan jiragen ruwa. Ba sabon fili aka saya ba, tsohuwar hanya aka hana ta mutu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta ware ranar 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Mu a nan ba baƙi ne gabanmu ba tukuna, sai zaman lafiya ya dawo. Abin da ke gabanmu shi ne ɗan makaranta da manomi da malamin asibitin ƙauye su samu hanyar da za ta kai su inda za su.

Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da hanyoyi da magudanan ruwa na yankunansu, ya kuma ba su ikon ba da lasisin keke da kwalekwale da amalanke da baro. Tun zamanin En'e ake karɓar kuɗin lasisin keke. A ganinmu, duk inda za a karɓi irin wannan kuɗi, ya dace mai biya ya ga amfaninsa a kan turbar da yake bi.

Matsalar da ta fi kowace kashe waɗannan hanyoyi ita ce cin burtali. Kowace damina mai gona ya ƙara kunya ɗaya ko biyu, bayan 'yan shekaru hanyar da amalanke ke bi ta koma ta ƙafa, daga nan shanu su rasa inda za su bi sai cikin gona, rigimar manomi da makiyayi ta tashi. Maganin wannan ba ya bukatar kwangila. Hakimi da Arɗo da Sarkin Noma da wakilin sashen gona na ƙaramar hukuma su zagaya kafin faɗuwar damina, su kafa alamun iyaka, a rubuta faɗin kowace hanya a littafi, a ajiye kwafi ɗaya a fadar uban ƙasa, ɗaya a sakatariya. A hana zubar da sararriyar ƙaya a kan hanya, a hana yanka gefen magudanar ruwa domin satar ban ruwa, domin ta nan ne hanyar kan fara zaizayewa. Inda kwazazzabo ya fara cin turba, buhunan ƙasa da duwatsu da aikin gayya na yini ɗaya suna tsayar da shi tun yana ƙarami, idan kuwa aka bar shi damina biyu sai kwalbati. Sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma ya tattara sunayen wuraren da ke bukatar kwalbati tun a watan Oktoba, lokacin da ɓarnar ruwa take a fili, domin su shiga kasafin kuɗin shekara mai zuwa.